Ƙashin Ƙirji: Abin da Kowane Manomi Ya Kamata Ya Sani

A kakar da ta wuce, wani ɗan ƙungiya a ɗaya daga cikin ƙauyukan da muke zagayawa yana ɗaura wa shanunsa amalanke domin ya kwaso dawa daga gona. Sai ɗaya bijimin ya zabura, ya kai masa karo a tsakiyar ƙirji, ya haɗa shi da gefen amalanken. Babu jini, babu rauni a fata, sai ɗan kumburi. Da ƙafarsa ma ya komo gida. 'Yan'uwa suka kira maɗori, ya lalluba wurin, ya ce ƙashi ya motsa, ya naɗe masa ƙirji da zane tamau.

Bayan kwana huɗu muka isa garin domin awon hatsin rumbun ƙungiya. Muka tarar da shi zaune a zaure ya jingina da bango, numfashi sama-sama, jiki kuwa zafi rau. Ya ce mana, "Malam, ai ƙashi ne kawai, ɗori zai kama." Amma uwargidansa ta leƙo ta ce, "Malam, ku dai duba shi. Tun shekaranjiya bai kwanta ba, tari ma tsoronsa yake yi."

Muka kwance zanen, muka sa shi a mota sai asibiti. Hoto ya nuna ƙashin ƙirji ya tsage. Zuciya lafiya lau, amma ciwon huhu ya riga ya shiga. Likita ya gaya mana tsagewar da kanta za ta haɗe, naɗin da aka yi masa shi ne ya kusa kai shi ƙasa. Wannan magana ta sa muka zauna da ma'aikatan asibiti muka yi musu tambayoyi. Abin da muka koya shi ne muka kawo muku a nan, gama mu masu shanun huɗa, masu hawan itace, masu bin motocin kasuwa, kullum ƙirjinmu a gaba yake.

YADDA ƘASHIN YAKE

Ku sa yatsa a ɗan ramin nan da ke gindin wuya, ƙasa da maƙogwaro. Daga nan ƙashin ƙirji ya fara. Ku bi shi ƙasa har inda ciki ya soma laushi, nan ya ƙare. A jikin babban mutum tsawonsa wajen inci 6 zuwa 7 ne, yana da faɗi, ba shi da kauri sosai.

Kashi uku ne. Akwai kai, inda ƙasusuwan nan biyu da suka taso daga kafaɗu suka sauka. Akwai tsakiya, wanda ya fi tsawo. Sa'an nan akwai ɗan tsinin da ke can ƙasa, wanda Hausawa ke kira ƙahon zuciya. Kamar inci 2 ƙasa da ramin wuya za ku ji ɗan tudu ya gitta. Ba ciwo ba ne, mahaɗar kai da tsakiya ce, kowa yana da ita.

Haƙarƙari 12 ne a kowane gefe. Bakwai na sama sun zo sun kama ƙashin ƙirji, amma da guringuntsi suka kama shi, ba da ƙashi ba. Uku na bayansu kowanne ya rataya ga na samansa, biyun ƙarshe kuwa ba su iso gaba ba. Guringuntsin nan shi ke ba ƙirji damar motsi. In mun ja numfashi ƙashin ƙirji yakan ɗaga sama ya turo gaba, kamar hannun famfon tuƙa-tuƙa. Babban mutum yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti guda, watau fiye da sau 17,000 dare da rana. Ku riƙe wannan lissafi, za mu komo kansa.

A bayan ƙashin nan zuciya take, da manyan jijiyoyin da ke fita daga cikinta, huhu kuma dama da hagu. Ke nan ƙyaure ne a bakin ɗakin dukiya. In an doki ƙyaure, mai hankali ba ƙyauren kaɗai yake dubawa ba, sai ya leƙa ɗakin.

YADDA YAKE GIRMA

Sa'ad da ciki yake da kamar mako 6, ƙashin ƙirji sanduna biyu ne masu laushi, ɗaya dama ɗaya hagu. Sai su matso, su haɗe tun daga sama zuwa ƙasa, kafin mako na 10 sun zama ɗaya. Wajen wata na 6 guringuntsin yake soma zama ƙashi, daga sama. Saboda haka jariri da aka haifa, yawancin ƙirjinsa guringuntsi ne.

Wanda ya taɓa feɗe ɗan akuya ya ga ƙashin ƙirjinsa gaɓa-gaɓa ne. Haka na yaro yake: tsakiyar gaɓa huɗu ce. Daga lokacin balaga suke soma haɗewa, daga ƙasa zuwa sama, ba su gamawa sai wajen shekara 25. Ƙahon zuciya shi ne na ƙarshe. Yakan zauna da laushinsa har mutum ya kai wajen shekara 40 kafin ya taurare.

Wannan yakan firgita dattawa. Mutum ya rame bayan wata jinya, yana wanka sai ya ji wani abu mai tauri a bakin cikinsa, ya ce ƙari ne ya fito masa. Sau da yawa ƙahon zuciyarsa ne, tun haihuwa yana nan. In ba ya girma, ba ya zafi, a bar shi. In ana shakka a nuna wa ma'aikacin lafiya.

Akwai kuma abin da ya kamata wanzamai su ji. Kimanin mutum 5 cikin 100, sandunan nan biyu ba su gama haɗewa a ƙasa ba, sun bar 'yar huda a tsakiyar ƙashin. Mai ita bai san da ita ba, ba ta kuwa damunsa. Amma fata da ɗan nama kaɗai suka rufe ta, zuciya kuma tana nan baya. Don haka kada a yarda a yi wa kowa sakiya, ko a soka masa wani tsini a tsakiyar ƙirji.

ƘIRJIN DA YA TURO, DA WANDA YA LOTSA

Wasu yara ƙirjinsu yakan turo gaba kamar na kaza. Wasu nasu yakan lotsa ciki kamar ƙoƙo. Abu na fari da za a tambaya shi ne: ƙasusuwan yaron suna da ƙwari?

Akwai ciwon da ke sa ƙashin yara laushi. Alamarsa da kowa ya sani ita ce gwame, ko ƙafa ta lanƙwashe kamar baka. Amma yana nunawa a ƙirji ma. In kuka shafa inda haƙarƙari ya sadu da guringuntsi za ku ji ƙulle-ƙulle a jere kamar duwatsun wuya, wuyan hannu ya yi kauri, ƙashin ƙirji ya turo. A ƙasashen sanyi rashin hasken rana ke kawo shi, gama da rana fata ke yin bitamin D. Mu kuwa rana ba ta yi mana kaɗan ba, to me ya sa yaranmu ke samunsa?

Likitoci a Jos sun bi sawun wannan. A binciken da suka buga a 1999, sun yi wa yara 123 masu wannan ciwo magani har mako 24. Waɗanda aka ba sinadarin kalsiyam sun fi waɗanda aka ba bitamin D kaɗai warkewa. Kalsiyam shi ne abin da ke sa ƙashi tauri, irinsa ne a ɓawon ƙwai. An tarar yaran nan wajen miligiram 200 kawai suke samu a abincinsu na yini, abin da ya gaza bukatar yaro ƙwarai. Tuwon masara da kunun masara suna cika ciki, amma kalsiyam ɗinsu kaɗan ne.

Maganin rigakafi yana gonakinmu. Nono da kindirmo su ne gaba. Sai ƙananan kifi busassu, a daka su da ƙashinsu a zuba a miya ko a kunun yaro. Sai kuka, da zogale, da riɗi, da waken soya. Tamba kuma, wadda da yawa cikinmu suka daina shukawa, ta fi masara da dawa kalsiyam nesa ba kusa ba. Iyalin da suke sayar da nonon saniyarsu duka a kasuwa su bar 'ya'yan da aka yaye da kunu zalla, riba ce a aljihu, hasara a ƙashi. Yaron da ciwon ya riga ya kama kuwa, abinci kaɗai bai isa ba, a kai shi asibiti tun ƙashi yana ɗanye.

Akwai kuma lotsawar ƙirji da ba ta da alaƙa da abinci. Guringuntsin haƙarƙari ne yake girma ba daidai ba, ya tura ƙashin ciki ko waje. Ana samun mai lotsattsen ƙirji kamar ɗaya cikin yara 300 zuwa 400, maza sun fi yawa, yakan kuma bi dangi. Yakan ƙaru lokacin da yaro ke miƙewa da tsawo. Ba sammu ba ne, ba kuwa laifin uwa ba. Yawancinsu suna noma, suna guje-guje kamar kowa, abin da ya fi cutar da su shi ne ba'ar tsara. Amma in yaro yana saurin haki, ko zuciyarsa na bugawa da ƙarfi in ya yi ɗan aiki, a kai shi babban asibiti. Mai tsanani ana yi masa aiki. A 1987 wani likita a Amurka mai suna Donald Nuss ya soma wata dabara ta zura lanƙwasasshen ƙarfe a bayan ƙashin, ya tallafe shi shekara 2 zuwa 3, sa'an nan a cire.

Iyaye mata, ku bambanta wannan da wani abu dabam mai hatsari. In ƙaramin yaro yana tari, kuka ga ƙasan ƙirjinsa yana faɗawa ciki duk sa'ad da ya ja numfashi, wannan ba halitta ba ce, huhu ne ke wahala. Ku ƙirga numfashinsa minti guda yana kwance shiru. Sau 60 ko fiye ga jaririn da bai kai wata 2 ba, sau 50 ga ɗan wata 2 zuwa shekara guda, sau 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, duk sauri ne. A kai shi wurin magani ran nan, kada a kwana.

CIWON ƘIRJI BA TARE DA BUGUWA BA

Bayan sharar gona, ko sussuka, ko doguwar mura da tari, mutum yakan ji zafi a gefen ƙashin ƙirji, inda guringuntsi ya kama. In ya danna da yatsa sai ya ce, "Nan ne." Wannan kumburin guringuntsi ne. Hutu, da gashi da ruwan ɗumi, da farasitamol sukan isa, ko da yake yakan ɗauki makonni.

Amma ba kowane ciwon ƙirji ne na ƙashi ba. Ga huɗu da ba a jira da su:

1. Nauyi a bayan ƙashin, kamar an ɗora buhu, yana tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi, da gumi da haki. Wannan zuciya ce, musamman ga mai hawan jini ko ciwon sukari. Kada a ce ƙwannafi ne a sha kanwa.

2. Mai amosanin jini, watau sikila, in ciwon ƙirji ya haɗu da zazzaɓi ko tari ko haki.

3. Kumburi a kan ƙashin mai tasowa a hankali, babu zafi sosai, ga rama ga gumin dare. Tarin fuka yakan ci ƙashi, ba huhu kaɗai ba. Kada wanzami ya tsaga shi. Maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin da gwamnatin Nijeriya ta keɓe, sai dai ana shansa wata 6 ko fiye ba fashi.

4. Tari da jini, kowane iri.

IN AN BUGU A ƘIRJI

Ƙashin ƙirji ba ya karyewa da wasa, sai da bugu mai ƙarfi. A asibitoci hatsarin mota ne ya fi kawo shi, direba ya daki sitiyari. Bel ɗin kujera ma yakan tsaga shi in karon ya yi tsanani, amma kada wannan ya hana ku ɗaurawa, gara tsagaggen ƙashi da a fitar da mutum ta gilashi. A ƙauye kuwa ga karon sa, ga harbin jaki, ga faɗowa daga ɗorawa ko giginya, ga babur, ga ruftawar rijiya ko ramin ƙasa. Tsofaffi, musamman mata, ƙashinsu ya yi sakayau, ƙaramar faɗuwa takan isa.

Alamar karaya ita ce zafi a wuri guda, yana ƙaruwa in an ja numfashi, ko tari, ko atishawa. Wani lokaci akwai kumburi, ko a ji wurin ya yi ɗan gargada. To, ku tuna da ƙyaure da ɗaki. Ƙarfin da ya isa karya wannan ƙashi ya isa ya ƙuje zuciya, ya huda huhu, ya fasa hanta ko saifa, ko ya taɓa ƙashin baya. Shi ya sa duk wanda ya sha irin wannan bugu sai likita ya gan shi ran nan, ko da yana tafiya da ƙafarsa. In kuwa aka ga ɗaya daga cikin waɗannan, a bar kome a nemi mota:

— numfashi yana ƙara wuya, ko leɓe da harshe sun canza launi;
— tari da jini;
— zuciya na bugawa da sauri ko tana tsallake;
— jiri, suma, ko gumi mai sanyi;
— ciki ya yi tauri yana ciwo;
— wani sashe na ƙirji yana faɗawa ciki sa'ad da saura ke ɗagawa.

A hanya a bar shi ya zauna a jingine, in hakan ya fi masa sauƙin numfashi. Amma in daga bisa ya faɗo, yana kukan wuya ko baya, ko ƙafafunsa sun mutu, a kwantar da shi a kan ƙyaure ko faffaɗan katako, mutum guda ya riƙe kansa kada ya juya. Kada a ba shi abinci, kada a ba shi giya, kada a ba shi asfirin, gama tana ƙara zubar jini. A asibiti za su ɗauki hoton ƙirji ta gaba da ta gefe, su kuma sa masa na'urar da ke zana bugun zuciya a takarda. In waɗannan sun yi kyau, yawanci ba a yin aiki, sai a sallame shi da maganin zafi.

ME YA SA BA A ƊAURE ƘIRJI?

Ba mu raina maɗora ba, mutanenmu ne, tare muke zaune. Amma hikimar ɗori ita ce a hana ƙashi motsi, ƙirji kuwa ba shi da hutu. Abin da ke motsi sau 17,000 a kwana guda, in ka ɗaure shi ba ƙashi ka tsayar ba, numfashi ka rage. Ƙasan huhu ba zai buɗe ba, majina ta taru, ƙwayoyin cuta su sami wurin zama. Nan da 'yan kwanaki sai zazzaɓi da ciwon huhu, wanda ake kira nimoniya. Abin da ya sami ɗan'uwanmu ke nan. A dā har asibitoci suna naɗe karyayyen haƙarƙari, da suka ga illarsa suka daina.

Ga yadda ake jinya a gida:

1. A sha maganin zafi yadda likita ya ce, a kan lokaci. Jarumtaka ba ta da amfani a nan, wanda ke jin zafi ba zai cika huhunsa da iska ba.

2. Kowace sa'a, in ana farke, a ja dogon numfashi a hankali sau 10.

3. Kada a danne tari. A rungume matashi ko naɗaɗɗen bargo a ƙirji, a yi tarin.

4. A riƙa tashi ana zagaya gida. Kwanciya wuni guda tana tara majina. Da dare a kwanta a jingine.

5. A nisanci taba da hayaƙin murhu.

6. Babu ɗaukar buhu, babu riƙon garma, babu daka, babu jan ruwa a rijiya, har mako 6 ko yadda likita ya faɗa. Zafin kuwa yakan kai mako 8 zuwa 12 kafin ya tafi sarai.

In zazzaɓi ya taso, ko majina ta canza launi, ko haki ya ƙaru, a koma asibiti.

ƘASHIN DA KE CETON RAI

Da yake zuciya tana bayan wannan ƙashi, ta kansa ake taimakonta in ta tsaya. In babban mutum ya faɗi, ba ya amsawa, ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri. A sa gindin tafin hannu a rabin ƙashin na ƙasa, ba a kan ƙahon zuciya ba, a ɗora ɗaya hannun a kai. A danna zurfin inci 2, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa, wani kuma ya nemo taimako. Haƙarƙari yakan tsage garin haka, kada ya sa a daina. Karatu kaɗai ba ya koyar da wannan, sai an gwada da hannu a gaban wanda ya iya.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA IYA YI

Mun tambayi ɗan'uwan nan abin da ya hana shi zuwa asibiti tun ran farko. Ya ce abu biyu: ba kuɗin mota a hannu, ga dawa kuma zube a gona, in an kwantar da shi wa zai kwashe? Waɗannan biyu ba aikin likita ba ne, aikinmu ne. Saboda haka muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi su kawo waɗannan a taronsu na gaba:

1. A ware wani abu daga asusu domin kai mai rauni asibiti, a biya bayan an sayar da amfani. Ma'aji da sakatare su riƙe lambar wayar direba biyu.

2. A sa a dokar ƙungiya cewa wanda likita ya hana aiki, za a yi masa gayya. Mutum ba ya komawa gona da ɗanyen ƙashi don taurin kai, tsoron yunwa ne.

3. Mai ɗaura wa shanu karkiya ya tsaya a gefe, kada ya shiga tsakanin sa da amalanke ko bango. Sabon sa, mutum biyu ke kama shi. Kada a bar wa yara.

4. A gayyaci ma'aikacin jinya ya koya wa 'yan ƙungiya danna ƙirji da ɗaukar mai rauni. A kira maɗori da wanzamin gari su ma su zauna, gama wurinsu ake fara zuwa.

5. Zumuntar mata su duba ƙirji da wuyan hannun yaran da aka yaye. A bana kowane gida ya bar kunya kaɗan domin tamba da riɗi, a dasa zogale a bayan gida.

Ɗan'uwanmu ya yi kwana 6 a asibiti. Kafin ya dawo 'yan ƙungiya sun kwashe masa dawa sun zuba a rumbu. Da muka koma garin bayan wata uku mun same shi yana gyaran shinge. Bijimin yana nan bai sayar ba, amma ya ce yanzu ta gefe yake zuwa masa.

Sai mun sadu a zagaye na gaba. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.